Motar da Makaho Bai Ji Ba

Da sanyin safiya aka tsinci Mai Igiya a bakin kwalbatin lungunsu, ruf da ciki, ƙugu a karye, sandarsa gida biyu, igiyoyin da yake tukawa yana sayarwa sun watse cikin taɓo. Makaho ne tun kafin a haifi rabin mutanen unguwar, kuma babu dutsen da ƙafarsa ba ta sani ba a lungun nan. Ba a taɓa yi masa jagora ba. Da kunne yake tsallaka titi, har yakan faɗi motar wane ce ke tafe tun ba ta shawo kwana ba.

Kafin a isa da shi asibiti unguwa ta gama shari'a: matarsa ce.

Barkono ake ce mata. Wanki take yi wa mutane, kuma ba a banza ta sami sunan ba. A safiyar an jiyo ta ta katanga tana zazzaga masa masifa don ya yi tuntuɓe da bokitin sitaci, tana cewa in ya fita kada ya dawo. Tun suna da ƙuruciya take faɗa masa haka kowace safiya, kowace azahar kuma yana dawowa ya tarar da abincinsa a rufe, da ruwan sanyi a gefe. Wannan babu wanda ya tuna. Abin da aka tuna shi ne tana da taɓarya, kuma hannun mai wanki ba ya da taushi.

Shi kansa Mai Igiya ne ya ƙarasa ta, ba da niyya ba. Da ya farfaɗo aka tambaye shi ko mota ce, sai ya ɓata rai kamar an zage shi. Ya ce da mota ce da ya ji ta. Wani abu ne ya zo masa ta baya, shiru, kamar mutum ya sanɗo.

Ƙanensa, wanda rabonsa da gidan tun bara waccan, shi ya tsaya a ƙofar ɗakin jinya ya hana ta shiga. Ya ce da an sallami yayansa gidansa zai wuce da shi, ita kuma ta nemi wanda za ta kashe gaba. Ta gaya masa abin da ya sawwaƙa game da shi da tumbinsa, masu gadi suka fitar da ita.

Kafin kwana biyu matan unguwa sun aiko an karɓe musu wankinsu, wani ma da jiƙonsa. Igiyoyin shanya da Mai Igiya ya tuƙa mata suka tsaya fayau a tsakar gida. Ta dafa abincin mutum biyu bisa sabo, ta rufe nasa, ta zauna tana kallon kwanon har ya huce.

*

A bayan tsohuwar kasuwar dabbobi, wadda aka tayar aka bar turaku kawai, akwai wani tsoho da ake kira Mai Sawu. A zamaninsa in an kore wa mutum shanu shi ake kira, ya bi su ta kan dutse da ruwa har ya tsaya a ƙofar ɓarawo. Yanzu ɓarayi a babbar mota suke lodi, hanyoyi kuma duk an shafe su da kwalta. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa. Barkono ta same shi zaune a inuwar bango yana kallon ƙasa, babu komai a kanta sai sawun kaji.

Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce an ce yana gani, to ya zo ya gani, don za a raba ta da mijinta a kan abin da ba ta yi ba. Ta ce ba ta da abin ba shi, amma rigar nan da ke jikinsa ta ga alamar rabonta da sabulu tun matarsa na da rai, za ta wanke masa ita da 'yan uwanta.

Ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, ke kika buge shi?"

"Da ni ce da bai farfaɗo ba."

Ya ɗauki hularsa.

A lungun babu abin da ya rage. An yi ruwa kafin abin ya faru, ƙasa ta yi laushi, amma ƙafafun 'yan kallo sun tattake ko'ina. Mai Sawu ya yi ta zagaye yana tsaki. Can ya ce ta kawo masa sandar. Ta shiga gida ta ɗauko, don ita kaɗai ce ta damu ta tsince ta. Ya shafa wurin karayar da yatsa, ya kai hanci, ya ce wannan sanda ba karyewa ta yi ba, murƙushe ta aka yi, ga baƙin roba nan ya shiga cikin itacen. Sannan ya ɗaga wani ɓallen kwanon rufi da aka yar a gefen kwalbati, wanda aka so ɗaukar Mai Igiya a kai aka fasa. A ƙarƙashinsa sawun taya ya tsira, faɗin tafin hannu, sabo fil kamar yanzu aka buga shi.

Ya ce mota ce, kuma da baya take tafiya.

Barkono ta ce mijinta bai ji mota ba, kuma kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba.

"To sai mu nemi motar da ba a ji," in ji shi.

*

Bakaniken unguwar mutum ne mai teɓa da surutu, yana ƙarƙashin wata mota suka same shi. Da ya ga Barkono ya ce wa yaransa su ɓoye guduma. Ta ce in ta tashi ba ta bukatar guduma, ya fito ya amsa tambaya.

Ya fito yana goge hannu. Ya ce ai akwai irin motocin, masu ciki biyu, suna shan mai suna kuma tafiya da batir. In suna tafiya a hankali, ko suna ja da baya, injin kashe kansa yake yi, batir ya ja su, ba ka jin komai sai ɗan kukan taya a kan yashi. Shi ya sa masu su ke cika baki, don a cikin gari kamar ba sa shan mai. Ya ce a duk unguwar biyu ce kawai, ta wani direban haya da ta mai kantin magani. Da Mai Sawu ya zana masa sawun tayar a ƙasa, sai ya yi dariya ya ce wannan ba za ta raba musu gardama ba, shi ya sa wa motocin biyu taya, kuma iri ɗaya ce.

Direban suka fara nema. A tasha suka same shi yana jiran layi, kuma a bayan motarsa ga loɓawa nan ƙiri-ƙiri, daidai tsayin ƙugun mutum. Mai Sawu ya shafa ta ya gyaɗa kai. Barkono ba ta jira komai ba, ta ci kwalar direban ta jijjiga shi har hularsa ta faɗi, tana kiransa da sunayen da suka sa masu sayar da ruwa suka matso.

Direban bai ɗaga mata hannu ba. Ya ce, "Iya, sake ni ki duba da kyau. Tsatsa ce a ciki."

Ta duba. Tsatsa ce, ja wur, ta watanni. Abokan aikinsa suka ce ƙofar gidan surukinsa ya daka tun farkon shekara, har yau ana yi masa tsiya da ita, kuma a safiyar da ake magana yana can bakin asibiti da wata mai naƙuda da ya ɗauka tun asuba. Barkono ta sake shi. Ba ta iya ba da haƙuri ba, sai ta ɗauki hularsa ta kaɗe ta miƙa masa.

Suka kama hanya, suka yi nisa. Mai Sawu ya ce da can tsatsa ba ta wuce shi. Ya ce idon ya fara cin amanarsa, hannu da hanci kawai suka rage, kuma bai gaya wa kowa ba don babu wanda ya tambaya. Ta so ta yi masa faɗa, ta ga babu inda faɗan zai zauna. Ta ce ita ta saba zama da wanda ba ya gani, ya ci gaba da shinshina, ita za ta duba.

*

Mai kantin magani mutum ne mai fara'a da farar riga, wanda ake tashi a ba shi kujera a kowane taro. Shi ke aika wa Mai Igiya magunguna asibiti kyauta tun ranar da ya ji labari. Ya fito daga bayan kanta ya gaishe su, ya kira Barkono Gwaggo, ya ce Allah ya sani shi bai yarda da abin da ake faɗa a kanta ba.

Da Mai Sawu ya tambayi motarsa, bai ji haushi ba. Ya ce ai ba ya gari. Tun ana gobe abin zai faru, da dare, ya tafi birnin bakin teku saro magani, bai dawo ba sai washegarin ranar da yamma. Kowa ya ga kantin a rufe. Kuma da motarsa ya je. Daga nan ya shiga yabonta, kamar yadda ya saba yi wa duk wanda ya tsaya sayen maganin ciwon kai: ba ta da ƙara, ba ta da hayaƙi, mai kuwa sai dai ta shinshina.

Gaskiya ne an ga kantin a rufe. Barkono da kanta ta gani.

Suka fito. Motar tana ajiye a gindin bishiyar ƙofar kanti, inda take wuni kullum, an wanke ta tas, babu ƙura babu ƙwarzane. Mai Sawu ya zagaye ta yana shafawa, bai sami komai ba. Barkono ta tsaya ta jingina da bishiyar. Gobe za a sallami Mai Igiya, ƙanensa ya riga ya gyara ɗaki. Ta tuna kwanon da ke rufe a gida.

Wani abu ya wuce ta gefen kunnenta da ƙugi. Ta kai masa duka ta ce har ƙwari sun raina ta. Mai Sawu ya tambaye ta mene ne. Ta ce zanzaro ne, ɗauke da taɓo a baki, ga shi can ya shige ta tsagar ɗan murfin nan na gefen mota, inda ake zuba mai.

Tsohon ya tsaya cak. Ya durƙusa a hankali ya kara kunnensa a jikin murfin, ya daɗe a haka. Bai taɓa shi ba. Ya miƙe ya ce su koma wurin bakanike, yana da tambaya ɗaya, daga nan kuma ta je ta gaya wa mai unguwa tana son a tara mutane gobe da safe, a nan gindin bishiyar, kafin a ɗauko mijinta.

*

An taru, don ba a ƙin kallon Barkono. Mai unguwa a kan kujera, ƙanen Mai Igiya a gefensa yana duba agogo, direban haya, bakanike, matan da suka karɓe wankinsu suna leƙe daga baya. Mai kantin magani ne ya fito da benci da ruwan sha.

Mai Sawu ya nuna sandar, ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin kwanon rufi, bakanike ya maimaita bayanin motar da ba ta da ƙara. Ƙanen ya ce duk wannan tatsuniya ce, mota biyu ce, ɗaya tana asibiti ɗaya tana bakin teku, saura taɓarya.

Sai Mai Sawu ya juya wurin mai kantin magani, kamar mai neman a taya shi hira. Ya ce shi bai taɓa zuwa bakin teku ba, ya ji dai ana cewa wuni guda ake yi a hanya. Mota irin wannan, da ba ta shan mai, da tanki ɗaya take zuwa ta dawo?

Mai kantin ya buɗe baki zai ce e, bakanike ya riga shi. Ya ce a'a, kada a zuga ta ta wuce gona da iri. A cikin gari ne take rowar mai, inda ake tafiya ana tsayawa, birki yana cika batir. In ta hau doguwar hanya ta miƙe, injin ne ke aiki ba hutu, tana sha kusan kamar sauran. Tanki cike zai kai mutum bakin teku da ɗan saura, amma ba zai dawo da shi ba ko da turawa yake yi a gangare.

Mai kantin ya yi murmushi ya ce haka ne, ai ya sha mai a can kafin ya juyo, ya ƙara a hanya ma.

"Da hannunka ka buɗe murfin?"

"Da hannuna."

"Shekaranjiya ke nan."

"Shekaranjiya."

Mai Sawu ya ce to a taimaka a buɗe shi yanzu, mai unguwa ya matso kusa, shi idonsa ba ya gani sosai.

Mai kantin ya shiga mota ya ja abin buɗewa. Murfin bai tashi ba. Ya sake ja. Bakanike ya sa farce ya ɓamɓare shi, aka ji ƙas, busasshen taɓo ya zubo a ƙasa. Ɗakin zanzaro ne, an gina shi daga bayan murfin har kan marufin tankin, ya haɗe su wuri ɗaya, ɗaki a kan ɗaki kamar yatsun hannu. Korayen tsutsotsin da uwar ta tara wa 'ya'yanta suka zubo a kan takalmin mai unguwa.

Mai kantin ya ce zanzaro ai da sauri yake gini, tun dawowarsa ne.

Mai Sawu ya tsinci ɓallen taɓon ya laluba da yatsa, ya miƙa wa Barkono ya ce ta faɗa wa mutane abin da ta gani. Ta ce na bakin nan ɗanye ne, na jiya. Na can ciki sun bushe sun yi fari, biyu kuma a huje suke, babu komai a ciki.

Ya ce waɗannan biyun an sa ƙwai a cikinsu, ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗan ya cinye abincinsa, ya yi fiffike, ya huda ya tashi. Wannan aikin makonni ne, duk wanda ya taɓa zama a ɗakin ƙasa ya sani. Ba a buɗe murfin nan ba tun kafin zanzaron ya aza taɓon farko. Motar da ba ta sha mai ba ba ta je bakin teku ba. Tana gari.

Direban haya ya ce, a hankali, ai kuwa shi ma ya sha jin mai kantin yana cewa rabonsa da gidan mai tun watan jiya.

Babu wanda ya yi dariya. Mai kantin magani ya zauna a kan bencin da ya fito da shi da kansa. Ya ce ta lungun yake yanke hanya. Ya tuna ya bar makullin kanti a gida, ya ja da baya yana duba waya, ya ji ya taka abu. Ya leƙa ya ga ko wane ne, ya ga babu kowa a lungun. Ya mayar da motar gida ya kulle, ya kulle kansa tare da ita kwana biyu. Ya ce bai yi zaton za a ɗora wa Gwaggo ba.

Barkono ta ce, "Da aka ɗora min fa? Maganin ciwon kai ka aiko."

Mai unguwa ya fara maganar sulhu da zaman tare. Ta katse shi. Ta ce abin da ke tsakanin mutumin nan da hukuma, hukuma ta sani. Nata sharaɗin biyu ne. Zai taka da ƙafarsa zuwa asibiti ya faɗa wa Mai Igiya da bakinsa, ƙanen yana tsaye yana ji. Na biyun kuma za ta kawo shi da kanta. Ta juya ta dubi matan da ke baya ɗaya bayan ɗaya, har sai da kowacce ta sami abin kallo a ƙasa.

*

Mai Igiya ya saurari mai kantin har ya gama, bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Sannan ya ce, "Ashe akwai motar da ba na ji."

Gidansa na kansa aka kai shi, wurin Barkono. Ƙanen bai rako su ba. Wanki ya fara dawowa a hannun aike, ba tare da ko sannu ba, ta karɓa ta ƙara musu sitaci har rigunan suna tsayawa da kansu. Na Mai Sawu ta fara wankewa. Da ta kai masa ta same shi a inuwar bangon nan, yana kallon sawun kaji. Ya sa rigar, ya shinshina hannun rigar, ya ce ta gaida mai jiki. Ba wanda ya sake kiransa aiki.

Na biyun da ta ce za ta kawo, gwangwanayen madara ne, ta huda su ta zura a igiyar da mijinta ya tuƙa. Ta ɗaura wa motar mai kantin a baya, da ƙulli irin na masu shanya, wanda ba ya kwancewa sai da wuƙa. Direban haya da ya gani ya ce a ɗaura masa shi ma, ko ba komai fasinja za su san ya iso.

Ƙugun ya haɗu, amma Mai Igiya bai fita ba. Sai ya zauna a bakin ƙofa da sabuwar sanda a kan cinya, yana juya kai duk lokacin da iska ta motsa leda. Ta yi masa faɗa, ta ce ta gaji da ganinsa, in ya fita kada ya dawo. Bai motsa ba.

Wata safiya aka ji ƙarar gwangwani daga bakin titi. Ya ɗaga kai ya ce direba ne, na mai kantin sun fi wannan amo. Ya jira ƙarar ta wuce ta ɓace. Sannan ya rataya igiyoyinsa, ya dafa bango ya miƙe, ya sa sandar a gaba.

Barkono ta tsame hannu daga kumfa. Motocin duniya ba biyu ba ne, kuma ba ta da gwangwanin da zai ishe su. Ta bar shi ya yi ɗan nisa, ta bi bayansa tana taka ƙasa a hankali.

A bakin kwalbatin ya tsaya, bai juyo ba.

"Ina jin takalminki."

"Wa ya ce kai nake bi? Sabulu zan saya."

Ya kasa kunne dama, ya kasa hagu, ya daɗe. Ita ta duba dama, ta duba hagu, ba ta ce masa komai ba. Ya tsallaka.